Ƙurjin Mutumin Kwalkwalawa

Ƙofar Taramniya, Sakkwato
Watan Safar, 1351

Daga Dijatu ɗiyar Malam Abdullahi zuwa ga taubashina Gidaɗo, mai wankin miki a asibitin Nasara na Zariya.

Gaisuwa da so da yarda, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka. Mu nan lafiya muke, ruwa ya sauka, an yi shuka. Matan da nike karantarwa sun ragu, kowace ta koma ga hidimar damina. Audi mai fataucin fatun awaki shi za ya kawo maka wagga takarda, shi kuma za ya komo da amsa, don haka kada ka tsaishe shi da surutunku na Zazzagawa.

Rabona da kai tun kana rarrafe, da babanka ya ɗauke ku daga garin nan. Amma kakarka da kakana ciki ɗaya sunka fito, ke nan ina da ikon in zage ka in kuma sa ka aiki. Yau aikin ne.

Goggo Binta, ƙanwar mahaifina, ita ce ba ta da lafiya. Tun tana yarinya ta faɗa murhu, wuta ta bar mata tabo a ƙwauri, fari mai sheƙi. Tabon nan ya kwanta shiru har ta yi jikoki. Bara sai ya buɗe. Mun ce gyambo ne, mun sa garin bagaruwa, mun sa sassaƙen maɗaci, wanzami ya zo ya yi nashi, abu sai gaba. Yanzu bakin mikin ya kumbura ya juyo waje kamar leɓen tukunya, ko zane ya goge shi sai jini, ga wari. Ita kuwa bakinta bai mutu ba, tana kwance tana zagin duk wanda ya gitta. Ka tambayi Nasaran naku mi ne wannan, ka gaya mini gaskiya, ban son kwana-kwana.

Abu na biyu, in ka yi mini dariya Allah shi isar mini. Ba ka san yayana Tambari ba. Zabiya ne, fari tas, ya rasu shekarar babbar yunwa. Ciwon daji ne ya kama shi a kunne, ya ci kunnen, ya gangaro ya ci rabin fuskar. A ƙarshe ba shi fita sai da wata babbar malafa, da ƙyalle ya sauko ya rufe wajen. Malafar tana nan rataye a zaure har yau, ba mai ƙarfin halin sa ta, ba mai ƙarfin halin ƙone ta.

To tun da damina ta kama nike ganin shi. Ba mafarki ba, da rana tsaka, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. In na fito tsakar gida sai in gan shi tsaye bakin zaure, da malafar, hannunsa ɗaya dafe da kunne. Ba shi magana. In na yi karatu sai in ga bango kawai. Na san mamaci ba ya komowa, ni ke karantar da wasu haka. Amma ina ganin shi, kuma ina jin tsoro.

Af, na manta. Mutumin Kwalkwalawa, wanda ya ɗauko fatar kawunsa, an ce wani ɗan ƙurji ya fito mai a kunne. Ba wani abu ba ne, na faɗa ne don takarda ta cika.

Allah shi bar zumunci. Wassalam.

*

Zariya
Watan Gani, 1351

Daga Gidaɗo zuwa ga Adda Dijatu.

Gaisuwa da girmamawa, da fatan wannan ta same ku cikin sauƙi. Takardarki ta zo, na karanta wa babana, ya yi ta dariya, ya ce bakin nan na gidan Malam Abdullahi ne babu ko tantama. Mu ma lafiya, sai dai tsufa da ya fara taɓa masa gwiwa.

Maganar Goggo Binta na kai wa likitanmu, wani dogo da muke kira Mai-Lofe. Ni dai ban daɗe da fara aikin nan ba, wankin miki da ɗauri kawai na iya, amma irin wannan na gani da idona. Ya ce tsohon tabon wuta ba fata ce cikakkiya ba, kullum tana tsagewa tana warkewa, shekara da shekaru. Wata rana sai naman wurin ya rikice ya fara girma ba bisa ƙa'ida ba. Gyambon da ya daɗe bai warke ba shi ma yakan juye haka. Alamarsa ita ce wadda kika faɗa, baki mai kauri da ya juyo waje, da saurin jini. Adda, kin ce ba kya son kwana-kwana. Daji ne. Bagaruwa ba ta yi masa komai, sai an yanke wurin, in ya kai ƙashi sai an cire ƙafar. Ku lallashe ta ku kai ta wurin likitan da ke nan Sakkwato tun da sauran lokaci.

Maganar Tambari kuwa ban yi dariya ba. Ina ganin warin mikin Goggo ne ya tono miki tsohon abu, hanci ya fi ido riƙo. Ki rage fita cikin rana, ki riƙa samun barci.

Mutumin Kwalkwalawa da kika ambata, sai da babana ya warware mini. Ya ce Maccido ne, ɗanki na fari, wanda baffansa Dodo ya ɗauka tun yaye, kuma ku can ba ku kama sunan ɗan fari ko da za a yanka ku. Mu nan barikin abin ya yi sauƙi. Ƙurji a damina ga mai aikin fadama ba abin mamaki ba ne, ƙwari ne da dauɗar ruwa. A riƙa wanke masa da ruwan ɗumi da gishiri. Tunda ke da kika haife shi kin ce ba wani abu ba ne, hankalina ya kwanta.

A gaida Goggo, a ce mata ɗanta na Zariya yana neman tubarraki. Wassalam.

*

Ƙofar Taramniya
Watan Azumin Tsofaffi, 1351

Daga Dijatu zuwa ga Gidaɗo.

Gaisuwa da tambayar gwiwar Baba. Kada ka ga na yi shiru ka ce raini ne. Ruwa ya yanke hanyar Gusau, Audi ya maƙale can da fatunsa har sunka fara funfuna, amsarka ba ta iso ba sai da anka fara yankan gero.

Na karanta wa Goggo abin da likitanku ya ce. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in gaya maka ita da ƙafa biyu ta zo duniya, da biyu za ta koma, ba ta zuwa gaban Ubangijinta tana ɗingishi don wani jan kunne ya ji daɗi. Kai kuma ta ce ba ta ba ka tubarrakin, sai ka zo da kanka ta ga ko kana da kunya. Mun bar ta. Tsohuwa ce, ta san abin da ta zaɓa.

Ka ce hanci ne. To hancin ya matso. Da can Tambari bakin zaure yake tsayawa, yanzu ya shigo tsakar gida, shina tsayawa gefen rijiya. Shekaranjiya ina tsakiyar biya wa mata karatu na ɗaga kai na gan shi, karatun ya tsaya, har wata ta tambaye ni ko ina son ruwa. Hannun nan dai shina nan a kunne. Mi yake so da ni? Na yi mai sadaka, na sa an yi mai saukar Alƙur'ani, ban san hakkinsa da na riƙe ba.

Ruwan gishirin na aika a gaya musu, an ce an yi.

Mutumin ya shigo gari da sabuwar shinkafa, kamar yadda baffansa ke aiko shi kowace kaka. Ya tsaya bakin ƙofa ya gaida ni, na amsa idona na kan allo, yadda anka saba. Da ya juya za ya fita na ga bayansa. Ya ɗaure kai da tsumma, ya biyo ta kan kunnen, ƙuda na bin sa. Ƙeyarsa ja wur, duk ta yi ɓawo. Matan gida sun ce wuni yake cikin fadama shina yankan shinkafa kai ba komi. Tun shina ƙarami Dodo ya hana shi hula da malafa. Ya ce Tambari zaman inuwa da rufe kai ne sunka lalata shi, zabiya sai ya sha rana fatarsa ke yin ƙwari, har ta ɗan yi duhu. Dangi duk sun yarda da haka. Ni dai ba a tambaye ni ba, kuma ba hurumina ba ne, ɗan mutane ne.

Shinkafar ta yi kyau bana. Na ba Audi kaɗan ya kawo muku. Wassalam.

*

Zariya
Watan Sha'aban, 1351

Daga Gidaɗo zuwa ga Adda Dijatu.

Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa. Na roƙi wani direban mota ya kawo miki wannan, ban iya jiran Audi ba.

Na yi kuskure, Adda. Na auna damuwarki da tsawon rubutu. Na ga kin ba Goggo rabin takarda kin ba Maccido layi biyu, na ɗauka haka abin yake a zuciyarki. Jiya na sake karanta wa babana takardunki duka, bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce da na tashi a Sakkwato da na san inda kika taƙaita nan ciwon yake.

Ga abin da ban sani ba a watan Gani. An kawo mana wani zabiya daga ƙauye da miki a leɓe. Mai-Lofe ya yanki ɗan mitsitsin naman ya sa ƙarƙashin madubinsa mai girmama abu, ya ce in leƙa. Ashe fatar mutum ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Ƙananan ƙwayoyi ne jere kamar saƙar zuma, na ƙasa suna haifar na sama, na sama su tsufa su bushe su zube, kowace ta san inda za ta tsaya. A cikinsu akwai masu yin baƙin launi, kuma baƙin nan shi ne inuwar da Allah Ya ba mu daga rana. Zabiya ba ya yin launin. Rana tana shiga masa kai tsaye tana ƙona ƙwayoyin, yau da gobe, har wata ta lalace ta daina tsayawa, ta yi ta haihuwa tana cin na kusa da ita. Dajin fata ke nan.

Ya ce iri uku ne suka fi yawa. Akwai mai tafiya a hankali, yana farawa kamar ɗan dutsen ado mai sheƙi, yana ci a wurinsa amma ba ya yawo, ya fi kama Turawa. Shi kansa an taɓa yanke masa shi a gefen goshi, ya nuna mini tabon, ya ce shi ya sa ba ya rabuwa da ƙatuwar hularsa. Akwai baƙin tabo mai faɗaɗa, wanda ya fi duka mugunta, mu baƙaƙe yakan fito mana a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce. Sai na ukun, mai farawa da ɓawo da kaushi, ya zama miki. Shi ne na tsohon tabon wuta irin na Goggo, kuma shi ne na zabiya, a kunne, da leɓe, da ƙeya, da bayan hannu, duk inda rana ke duka. Wannan yana tafiya. Yakan gangara cikin kaluluwar wuya, in ya zauna can wuƙa ba ta cim masa.

Na tambaye shi ko gadon ciwo ne a gidanku. Ya ce a'a, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Fatar ce ake gado. Uwa da uba suna iya zama baƙaƙe duka amma kowanne yana ɗauke da irin a ɓoye, abin da ya sa yake yawan fitowa a auren zumunci irin naki da marigayi Malam Junaidu. Ba iska ba ce, ba baki ba ne.

Rana ba ta sa fatar zabiya ƙwari, Adda. Jan nan da ɓawon nan da kika gani a ƙeyarsa su ne mafarin abin. Malafar Tambari ba ita ta kashe shi ba, ya sa ta ne bayan aikin gama ya gama.

A fitar da Maccido daga fadama yau. A rufe masa kai da wuya da hannu. A kai shi wurin likita a yanke kunnen kafin ya sauka wuya. Mutum yana rayuwa da kunne ɗaya. Ki shafa wuyansa ƙarƙashin muƙamuƙi ki gaya mini ko akwai ƙullutu mai tauri.

Ina jiran amsarki. Wassalam.

*

Ƙofar Taramniya
Bayan Ƙaramar Salla, 1351

Daga Dijatu zuwa ga Gidaɗo.

Gaisuwa da barka da shan ruwa. Allah shi maimaita mana.

In shafa wuyansa, ka ce. Kai yaro, ka san abin da kake faɗi kuwa? Tun ranar da anka shafa mini maɗaci a nono anka ɗauke shi, hannuna bai sake taɓa jikinsa ba. Ya yi ƙyanda ban je ba. Anka yi mai kaciya ban je ba. Uwata haka ta yi da Tambari, shina ruɓewa a ɗakin zaure tana tsakar gida tana kaɗi, kuma garin nan kaf anka yabe ta, anka ce ɗiyar mutunci ce. Ni da ke zaunar da matan mutane ina koya musu kunya, ni za a gani a Kwalkwalawa ina lalubar wuyan ɗan fari? Ku can bariki komi sauƙi ne gare ku.

Amma ban zauna ba. Na kira Audi na karanta mai takardarka, na ce ya kai wa Dodo saƙon, ya ce daga gare ka ne. Ya je ya komo. Dodo ya ce ya gode, amma kowa ya san daji ba shi son ƙarfe, ranar da wuƙa ta taɓa shi ranar yake haukacewa. Ya ce suna da mai magani a ƙauyen gaba, kuma a bari azumi ya wuce. Ya ƙara da cewa in abin ya kai a damu, ai uwar da ta haife shi tana nan cikin gari, ba a ji ta ce uffan ba. Audi ya ce ya ga mutumin zaune gindin bango shina gyaran komar kamun kifi, ya rame, shina karkata kai gefe ɗaya in za ya haɗiye miyau.

Ka gani, shirun da na yi don a yabe ni shi Dodo ya kafa hujja da shi.

Azumin nan ban san yadda na yi shi ba. Tambari ya bar rijiya. Yanzu bakin ƙofar ɗakina yake tsayawa, har inuwar malafar tana faɗowa kan tabarmata. Ranar jajibiri ya sauke hannun daga kunne, ya miƙo mini shi. Ban kalli abin da ke ƙarƙashin ƙyallen ba, na riga na san shi.

Goggo na nan, ƙafar ta ƙara lalacewa, bakin bai ragu ba. Jiya ta dube ni ta ce na fi ta kama da mai ciwo.

Gaya mini, likitan naku ba shi kuskure? Ko akwai wani magani da za ka aiko a ba Audi ya kai, ba sai na je ba?

Wassalam.

*

Zariya
Watan Bawa, 1351

Daga Gidaɗo zuwa ga Adda Dijatu.

Gaisuwa. Babu maganin da zan aiko. Da akwai da na kawo shi da ƙafata.

Zabiyan da na ba ki labari an yanke masa leɓen, ya warke, ya koma gida da malafar da muka saya masa. Ya zo da wuri ne. Karkata kan nan da Audi ya gani bai yi mini daɗi ba.

Dodo ba mugu ba ne, yana son yaron, abin da ya gada yake yi. Ba zai saurari ɗan aike ba, ba zai saurari takardar wani ɗan bariki da bai taɓa gani ba. Mutum ɗaya ne in ta tsaya a ƙofar gidansa zai san abin ya kai, saboda bai taɓa ganinta a can ba.

Na nemi izinin zuwa an hana ni, sanƙarau ya ɓarke an cika mana ɗakuna. Babana ya ce in gaya miki, shi da ya girme ki, ya ɗauke miki kunyar nan, in an yi magana a ce shi ya sa ki. Ki tafi, Adda.

Wassalam.

*

Ƙofar Taramniya
Watan Cika-ciki, 1352

Daga Dijatu zuwa ga ƙanena Gidaɗo.

Gaisuwa. Ka gaida Baba, ka ce na gode da abin da ya ɗauke mini. Audi ya ce ya riga ya gaya maka a baki, amma ina so ka ji daga hannuna.

Na je. Ranar da takardarka ta zo na shiga zaure na sauke malafar nan daga maratayi, na kakkaɓe ta, na yafa mayafi na fita. Rana tsaka ce, bazara ta kama, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Tambari na gabana tun daga ƙofar gari har bakin gulbi, ba ya sauri ba ya waiwaye. Ban yi karatu don ya ɓace ba, na bi shi.

Da na yi sallama gidan Dodo matan sunka rufe baki. Shi kuwa ya fito ya gan ni da malafa a hannu, sai ya zauna ƙasa ya fara hawaye. Ko gardama bai yi ba. Da na san abin da ake bukata ke nan, tsayuwa ɗaya a ƙofar gida, da tun farkon damina na yi ta.

Mutumin shina kwance cikin bukka. Kunnen babu, sai rami. Na durƙusa na sa hannu ƙarƙashin muƙamuƙinsa yadda ka ce. Ƙullutai ne jere har ƙashin wuya, masu tauri kamar goruba, ba su motsi. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce, "Malama, ashe kin san hanyar Kwalkwalawa."

Malama yake ce mini, kamar matan da nike karantarwa.

Munka ɗora shi kan jaki, na sa mai malafar da hannuna, munka kawo shi wurin likitan garin nan. Ya latsa wuyan, ya tambayi tun yaushe, na faɗa. Ya ce ta bakin tafinta da a farkon damina ne da kunne kawai za ya rasa. Ya ba mu ruwan magani na rage zafi, ya ce mu tafi gida.

Ban mai da shi Kwalkwalawa ba. Ɗakina na kai shi, kan gadona. Gari ya ɗauka, wasu mata sunka daina zuwa karatu, ban bi ta kansu ba. Goggo ce ta sa anka ɗauko ta da ƙafarta mai wari anka aje ta bakin ƙofata, ta ce duk mai magana ta zo ta same ta. Ni ke wanke mikin safe da yamma, ni ke ɗura mai kunu da ludayi har ya daina wucewa. Cikin kwanakin nan na san shi. Shina son fura mai tsami. Shina da wata dariya ta hanci irin ta babansa. Ya ce tun shina yaro rana ke sa shi kuka, ido ba ya buɗuwa, baya na yin ƙuna, amma bai taɓa faɗi ba don kada a ce rago ne. Ya ce in ya kawo shinkafa yakan daɗe bakin ƙofata da gangan, ko zan ɗaga kai.

Bayan Babbar Salla ne, ranar wata Talata, ana kiran azahar. Numfashinsa ya canza, na gane. Na zagaya ta gefen kunnen da ya rage, na sa bakina kusa, na kira shi. Harshena bai san yadda ake yin sunan ba, sai da na sake. Ya juyo da ido.

Ya ce, "Na'am, Inna."

Bai sake cewa komi ba sai kalmar shahada, na biya mai ya bi.

Cikin matan da sunka rage akwai wata yarinya da ta haifi zabiya, ɗiyar fari, an kusa yaye ta a kai wa kakarta a ƙauye. Na zaunar da ita gaban kowa na gaya mata duk abin da ka rubuta, na ƙwayoyin da na inuwar. Ta sunkuyar da kai ta ce ɗiyar mutane ce. Na ce ta ɗaga kai ta dube ni da kyau, ta ga inda wagga magana ke kai mutum. Malafar na ba ta, ta yi wa yarinyar girma amma za ta tarar da ita.

Kada ka ɗora wa kanka laifi. Abin da na rubuta shi ka karanta.

Za ka tambaye ni Tambari. Ya koma bakin zaure inda ya fara, hannunsa a sauke. Amma yanzu su biyu ne ke tsayawa da rana tsaka, ɗaya da malafa, ɗaya kai ba komi, rana na dukan ƙeyarsa. Ban jin tsoro kuma, ban yin karatu don su tafi. Nikan aje allo in fito tsakar gida in kira ƙaramin da ƙarfi, mata na ji, in ce ya shigo inuwa. Ba shi shigowa.

Ban taɓa rubuta shi ba, to ga shi, ka aje takardar. Sunansa Maccido. Ɗana ne, ni na haife shi.

Wassalam.